Lambar Yaya a Layi

Ni ce na fara nuna wa Inna kwamfuta, kuma har yau idan na tuna abin da ya biyo baya sai in ji da ma ban je aiki ba a ranar.

Lokacin mulki bai fi 'yan shekaru da komawa hannun farar hula ba. An buɗe jami'a a Wudil, gari ya cika da baƙin fuska, wani mutumin Darki da ya yi zaman Legas ya kama shago a bakin titi, ya jera kwamfuta shida da janareta, ya ce kafe ne, wurin shiga intanet. Ni ya ɗauka in riƙa buga wa ɗalibai takardunsu, don na koyi keken rubutu a Kano kuma hannuna yana da sauri. Bakina ma yana da sauri, amma shi ba a makaranta na koya ba.

Yayana shi ne ɗan farin Inna. Malamin sakandare ne, mai yawan rubutu a jarida da yawan magana a taron malamai, a zamanin da soja ba sa ƙaunar ko ɗaya a cikin biyun. Wata rana wasu mutane suka je nemansa makaranta a farar mota, ba su same shi ba, shi ma bai tsaya jiran su sake zuwa ba. Ta Nijar ya bi. Wasiƙa biyu muka samu, ta ƙarshen daga wata ƙasar Turai, daga nan shiru. Baba ya rasu bai sake jin ɗuriyarsa ba.

Da farar hula suka dawo, rediyo ta riƙa kawo labarin waɗanda suka gudu suna dawowa gida, ana tarbarsu a filin jirgi da ganguna. Inna takan saurara har ƙarshe tana tankaɗe, ba ta cewa komai. A gidanmu ana kunyar ɗan fari da gaske. Tun yana jariri aka kai shi Utai wajen Goggo, yayar Baba, can ya girma. Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayar ko ya ci abinci a gaban mutane ba. Idan dole ta yi maganarsa sai ta ce “yaron Goggo”, kamar wani ɗan maƙwabta da ke ɗaukar mata tsintsiya. Ni da nake auta, nakan ji haushin wannan abu har in kasa haɗiye tuwo. Mace ta haifi ɗa, ya ɓace shekara da shekaru, amma al'ada ta hana ta ko ajiyar zuciya.

Wata safiya ina ɗaura ɗankwali zan fita, ta tambaye ni, idonta a kan turmi, ko gaskiya ne abin da matan layinmu ke faɗa, wai akwatin shagonmu kowa yana cikinsa. Na ce ba kowa ba, amma da yawa. Ta daɗe tana dakanta kafin ta ce, “Har mutanen Utai?”

Sai da na kai bakin titi na gane abin da ta tambaya. Kunya ta kama ni, domin wata huɗu ina zaune a gaban abin, na nemo wa ɗalibai sunayen Turawan da suka mutu tun kafin a haifi kakana, amma ban taɓa buga sunan Yaya ba. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Ranar da azahar, da shago ya yi sauƙi, na buga sunansa da na Baba a wurin bincike. Abin da ya fito ya sa na saki baki. Ashe masu sunan Yaya sun cika duniya. Sunan nasa irin wanda a kowane layi a Kano za ka samu mutum uku ne, na Baba ma haka. Ga wani kwamishina, ga wani likita a Sudan, ga wani ɗan kasuwa da ake nema a kotu, ga ɗan ƙwallo. Goma-goma suke fitowa a kowane shafi, a can ƙasa kuma ga lambobin shafuka sun yi jere. Intanet ɗin wancan lokacin kuwa sai ka danna ka tashi ka sha ruwa ka dawo kafin shafi ya buɗe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karantawa, ina tsaki. Kwana biyu na yi ina wannan aiki a tsakanin takardun mutane.

A shafi na tara na same shi, na bakwai daga sama. Shafi takwas na baya tamanin ke nan, a ƙara bakwai: na tamanin da bakwai. Wata makarantar koyon harshe ce ta baƙi a can ƙasar, ta jera sunayen waɗanda suka gama, da hotonsu a tsaye a gaban wani gini. Hoton ya riƙa saukowa daga sama a hankali, rufin gini, tagogi, sai kawuna. Yaya yana gefen dama, babu hula, ya yi ƙiba, yana dariya har da haƙora.

Na ɗauka kuka zan yi. Ashe fushi ne ya zo. Mutum yana raye, yana cin abinci har yana ƙiba, ubansa ya mutu da sunansa a baki, shi kuwa yana can yana wa Turawa dariya. Na rubuta wa makarantar imel a take, da Turancina na masu buga takarda. Na sake rubutawa bayan mako guda, na sake. Ko tari ba su yi ba.

Ranar Juma'a, ranar kasuwar garinmu, Inna ta ce za ta je sayen tukunya. Inna da ke aiken yara ko gishiri ne. Da hantsi sai ga ta a ƙofar shago da babban mayafinta, ta tsaya tana cire takalmi kamar za ta shiga ɗakin surukai. Mai shagon ya tashi da sauri ya durƙusa, suka yi ta gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya ƙarin haƙuri, ya mutanen Darki, har ɗaliban da ke zaune suka fara juyowa. Ya ja mata kujerar kusurwa. Na riga na rubuta adireshin shafin a littafina, da na ga dama da kai tsaye zan buɗe mata hoton. Amma ina so ta ga wahalar da na sha, don haka na bi da ita ta doguwar hanya, na buga sunan, jerin ya fito, na riƙa danna shafuka har na tara.

Hoton bai gama sauka ba, goshi kawai ya bayyana, na ji ta riƙe gefen tebur. Da ya gama fitowa ta dube shi kamar minti ɗaya, sannan ta kawar da kai ta ce mutanen can ba sa sa hula ne? Shi ke nan abin da ta ce game da ɗanta.

Amma jerin ya tsaya mata a rai. Ta ce in koma baya. Ta tambayi su wane ne waɗannan da muka wuce kafin mu zo kansa. Na ce masu irin sunansa ne. Ta tambayi mutum nawa ne a gabansa, na ce tamanin da shida. Ta gyaɗa kai a hankali, irin na wadda ta gane komai, ta ce, “To, layi ne ke nan. Da sauransa.”

A nan ya kamata in gyara mata. Na san ba layi ba ne. Mai shagon ya taɓa yi mana bayani cewa abin yana sa wanda shafuka da yawa suka ambata a gaba, wanda ba a damu da shi ba ya tura shi baya, kuma babu wani mutum da ke zaune yana jerawa. Amma Inna ta yi rayuwarta a layi. Ta bi layin kananzir a zamanin soja, ta bi layin taki, layin kati a asibiti, ga na rajistar zaɓe da ta bi ba da jimawa ba tun asuba har la'asar. A saninta duk inda aka jera sunayen mutane, to akwai wani a gaba da biro yana sallamarsu ɗaya-ɗaya. Ta haɗa wannan da labarin rediyo, ta yanke cewa gwamnatin farar hula ce ke dawo da waɗanda suka gudu bi da bi, kuma yaron Goggo shi ne na tamanin da bakwai. Fuskarta ta saki irin sakin da ban gani ba tun rasuwar Baba. Na ce a raina, mene ne a ciki, ai ba wanda zai cutu.

Daga ranar, duk Juma'a Inna tana da abin saye a kasuwa. Gidanmu ya cika da tukwane da faifai da ludayin da ba mai amfani da su. Takan zo kafin a rufe shago don tafiya masallaci, ta zauna a kujerar kusurwa, ta ce, “Auta, duba mana layin nan.” Ba ta iya karatun boko ba, amma ta haddace siffar rubutun da ke nuna shi a jerin, ta san tsawonsa da inda ya karye. Da yatsa take ƙirgawa a jikin gilashin kwamfutar, ga hannun nata kullum da maiƙon man gyaɗa, domin sana'arta ke nan. Mai shagon, wanda ke yi wa ɗalibai faɗa in sun ko nuna gilashin da biro, sai ya bari ta tafi sannan ya zo da tsumma ya goge.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lambar tana motsi. Ban san haka ba sai da muka fara bibiya. Juma'a ta biyu ya dawo na tamanin da huɗu. Inna ta ce mutum uku a mako, ai ba laifi, da soja ne da ko ɗaya ba za su sallama ba. Wata Juma'ar ya koma na casa'in da ɗaya. Ranar da yamma na ji tana cewa masu hanya ne suka shigo ta gaba, ko'ina haka ake yi. Ta yi waina ta raba wa yaran layi sadaka, ta ce ta Baba ce. Mako biyu bayan nan ya yi tsalle zuwa saba'in da wani abu, ta dube ni da gefen ido, wai ko na ga aikin waina.

Ni kuwa na ƙware. Ba na ɓata lokaci a shafukan farko, don na san masu zama a can: kwamishina, likitan Sudan, da mutumin kotu. Ina buga sunan, kafin shafin farko ya gama buɗewa na gangara ƙasa na danna lambar shafin da muka bar shi a makon jiya. In ba ya nan in duba na gabansa, in ba ya nan in duba na bayansa. Cikin minti biyar na cafko shi. Har alfahari nake da wannan dabara, na koya wa wani malamin jami'a da ke neman inda takardarsa ta faɗo a jerin, ya ce kaina yana ja.

Wata biyar muka yi a haka. Sau biyu na yi niyyar faɗa mata gaskiya. Na farko ranar da na tarar ta fito da zannuwan gadon Yaya ta wanke ta shanya, ta ce wai warin ajiya suke. Na biyu ranar da ta aika Utai aka gaya wa Goggo ta fara shiri. Wannan ya tayar mini da hankali sosai, domin maganar ta fita daga shago ta shiga dangi. Na zauna a gabanta da niyyar yin bayani, sai ta riga ni, ta ce in ya zo kada in tsaya yi masa rashin kunyar nan tawa a kan wasiƙa, wanda ke layi ba ya samun sukunin rubutu. Na tashi na ba ta wuri.

Juma'ar da ta gabaci ta ƙarshe yana na sittin da ɗaya, shafi na bakwai, na farko a sama. Inna ta saya mini tsire a hanyar gida, abin da ba ta taɓa yi ba.

Juma'ar ƙarshe ana zafi, wuta ta ɗauke, janareta na ta ƙara a bayan shago. Motocin shanu sun toshe titi tun daga gada, don haka Inna ta makara. Na buga sunan, na gangara, na danna bakwai. Ba ya nan. Na danna shida, ba ya nan. Takwas, tara, goma. Na koma biyar da huɗu. Gumi ya fara bin bayana. Na ɗauko littafina na buga adireshin makarantar kai tsaye, aka ce shafin babu shi, an cire. Ɗalibai suka fara tashi ɗaya-ɗaya suna tafiya alwala. Na ci gaba har shafi na goma sha biyar, ina zagin intanet ɗin a ƙasan maƙoshi.

Inna ko a jikinta. Ta gyara mayafi ta ce, “Ke dai gaggawa ce da ke. Kina ta neman mutum a baya, layi kuwa gaba yake tafiya. Fara daga farko.”

Don kawai in huta da maganarta na koma shafin farko, shafin da na yi wata biyar ina tsallakewa ban karanta ba. Kwamishina ya sauka zuwa na huɗu. Na ɗaya da na biyu da na uku duk sabbi ne, kuma a cikin na ɗayan, ƙasa da sunan, na ga kalmar Wudil. Na danna. Hoto ya fara saukowa, wannan karon shi kaɗai ne, da hula. Inna ta gane goshin kafin ni.

“Na nawa ne?”

“Na ɗaya,” na ce, domin idona bai kai kan rubutun ba tukuna.

Ta ce alhamdu lillahi sau uku. Sannan ta yi murmushi, a gaban mai shago da sauran ɗalibai biyu da suka rage, murmushi sosai a kan ɗan farinta, har sai da ta ja mayafi ta rufe baki. A daidai lokacin rubutun da ke ƙasan hoton ya gama fitowa.

Sanarwa ce da Turanci, daga wata ƙungiyar 'yan Najeriya mazauna garin da yake zaune a can ƙasar. Sun ce ɗan'uwanmu wane, mutumin Wudil ta jihar Kano, ya rasu a asibiti bayan jinya, an riga an binne shi, kuma suna roƙon duk wanda ya san danginsa ya sanar da su. Wasu shafuka biyu sun kwafi sanarwar, su ne na biyu da na uku. Na dubi ranar da aka rubuta. Ta haura kwana ashirin.

Kunnuwana suka toshe, ƙarar janareta ta koma can nesa. Abin da ya fara zuwa mini ba ma mutuwar ba ce, lissafi ne: kwana ashirin ya haɗa da Juma'ar tsire, ya haɗa da wadda ta gabace ta. Ban san ranar da sanarwar ta hau shafin farko ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Amma yana yiwuwa sau biyu ko uku ta buɗe a gabana, na gangara ta kanta da saurin nan nawa da ake yabo, na je shafi na bakwai na nuna wa Inna hoton mamaci yana dariya, muka yi murna ya matso.

Inna ta ce in karanta mata ranar da za a sako shi jirgi.

Na dubi mai shagon. Yana tsaye a bayana da kwaɗon ƙofa a hannu, ya riga ya karanta, na gani a fuskarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a hankali, amma ta ji. Murmushin bai bar fuskarta nan take ba, sai da ya ɗan jima, kamar bai sami labari ba. Na karanta mata, ina mayarwa da Hausa. Ban rage komai ba. Da na gama na ce, “Inna, ba layi ba ne. Tun farko ba layi ba ne, na sani, ban gaya miki ba.”

Ban san ko ta ji wannan ba. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba har ta bar duniya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ba ta yi kuka ba, ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ta maimaita abin da mai shagon ya faɗa, ta ɗora hannuwanta biyu a kan gwiwa, tana kallon hoton. Ɗaliban nan biyu suka sulale suka fita. Daga babban masallaci aka fara kiran salla.

Sai ta ce, “Wa ya yi masa wanka?”

Na sake bin sanarwar daga sama har ƙasa. Na ce ba su rubuta ba.

“An yi masa salla?”

“Ba su faɗa ba, Inna. Sun dai ce an binne shi.”

Daga baya mun yi waya da mutanen ƙungiyar, wanda ya ɗauka ya ce su ma sai bayan an binne shi labari ya iske su, bai san yadda aka yi ba. Amma wannan daga baya ne. A ranar, Inna ta miƙa yatsanta ta ɗora a kan gilashin, ta ce in koma jerin. Na koma. Ta sauke yatsan zuwa na biyu ta ce in duba wannan. Na ce kwafin na farkon ne, magana ɗaya ce. Ta ce in duba dai. Na buɗe, muka jira ya sauka, na karanta mata, babu. Ta sauke yatsan zuwa na uku. Babu. Na huɗu na ce mata wannan kwamishina ne, ba ruwansa da mu.

Mai shagon ya ajiye kwaɗon a kan tebur, ya fita ya ƙara wa janareta mai, ya wuce masallaci ya bar mu da ƙofa a buɗe.

“Duba na ƙasansa,” in ji Inna.